Fam 50 na 'yan gidan Brontë: labarin Thomas Newby da bugun farko na Wuthering Heights

A tsakiyar shekarar 1847, wani mai buga littattafai a birnin Landan, Thomas Cautley Newby, wanda ofishinsa ke lamba 72 a titin Mortimer, ya aika wa wasu marubuta biyu da bai taɓa gani ba amsar da suka shekara suna dako. Ya amince zai buga musu littattafansu. Ɗaya ya sa hannu da sunan Ellis Bell, littafinsa Wuthering Heights. Ɗayan Acton Bell, nasa kuma Agnes Grey. Amma amincewar tana tafe da sharaɗi: marubutan ne za su fara ajiye fam 50, a buga kwafi 350, idan ciniki ya mayar da kuɗin bugu sai a maido musu da abinsu. Akwai littafi na uku a cikin ƙunshin da aka aiko masa, The Professor na Currer Bell. Wannan ya ce ba ya so.

Ellis da Acton da Currer sunayen aro ne. Masu su 'yan mata uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Emily da Anne da yayarsu Charlotte, 'ya'yan Patrick Brontë, limamin cocin ƙauyen Haworth a lardin Yorkshire, kimanin mil 200 arewa da Landan. Wadda aka ƙi littafinta, wato Charlotte, ita ce ta tsira. Biyun da aka karɓa su ne suka faɗa hannun mutumin da tarihin adabin Ingilishi ya riƙe sunansa a matsayin misalin kamfanin ɗab'in da sabon marubuci ya kamata ya guje wa.

Kafin a zarge su da gaggawa, sai a dubi inda suka fito. A 1846 sun riga sun ɗanɗana ɗacin kasuwar littafi. Sun tattara waƙoƙinsu su uku, suka biya wani ƙaramin kamfani mai suna Aylott da Jones fam 31 da sule 10 daga ɗan gadon da innarsu Elizabeth Branwell ta bar musu, aka buga. Bayan shekara guda, kwafi 2 kacal aka sayar. Daga watan Yulin 1846 kuma ƙagaggun labaransu uku suka shiga zagayen kamfanonin Landan, wannan ya maido, a aika wa wancan. Charlotte ce ke kula da aike-aiken, kuma rashin sanin dawan garin ya kai ta ga amfani da takardar naɗi guda: sai ta soke sunan kamfanin da ya ƙi, ta rubuta na gaba a ƙarƙashinsa, ta yadda duk wanda ƙunshin ya isa hannunsa zai fara karanta jerin waɗanda suka riga shi cewa a'a. Shekara guda ana haka. Wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofofi, ranar da aka buɗe masa ɗaya ba ya tsayawa tambayar halin mai gidan.

Fam 50 kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurinsu. Aikin da al'ummar Ingila ta wancan zamani ta tanadar wa 'yar talakan limami mai ilimi shi ne zama a gidan attajirai tana koyar da 'ya'yansu. Charlotte ta yi irin wannan aiki a 1841 a kan fam 20 a shekara. Anne, wadda ta fi su jimiri, ta yi kusan shekara 5 a gidan iyalin Robinson tana karɓar fam 40 a shekara. Ke nan abin da Newby ya nema ya ɗara albashin Anne na shekara cur. Ga mahaifinsu ya haura shekara 70, idanunsa sun yi rauni har an yi masa aiki a Manchester a 1846, gidan da suke ciki na coci ne, ranar da ya mutu za a karɓe. Ɗan'uwansu tilo, Branwell, wanda aka ɗora wa buri, giya da ƙwaya sun riga sun gama da shi. Rubutun nan ba sha'awa kaɗai ba ce a gare su, lissafin abin da za a ci gobe ne.

Don a gane inda aka cuce su, dole a san yadda cinikin littafi ke gudana a Ingila a lokacin. Tsarin da aka saba da shi yau, inda marubuci ke samun kaso daga kowane kwafi da aka sayar, bai yaɗu ba sai can ƙarshen ƙarnin. A shekarun 1840 hanyoyi uku ne sanannu. Ko dai marubuci ya sayar da haƙƙin mallakar littafinsa kacokan a ba shi kuɗi hannu, riba da asara duk na kamfani. Ko a yi raba-daidai, kamfani ya zuba kuɗin bugu, ya cire abin da ya kashe, sannan a raba ribar biyu. Ko kuma marubuci ya ɗauki nauyin bugun da kansa, kamfani ya buga ya rarraba ya cire la'adarsa. Ta wannan hanyar Jane Austen ta fitar da Sense and Sensibility a 1811, kuma ta ci riba. Kowace hanya da raminta. Ita kanta Austen ta taɓa sayar da wani littafi ga kamfanin Crosby a 1803 a kan fam 10, kamfanin ya jefa shi a aljihun tebur ya ƙi bugawa, ya kuma hana ta kai shi wani wuri, sai a 1816 aka biya fam 10 ɗin aka fanso shi. Shi ne Northanger Abbey, wanda bai fito ba sai bayan rasuwarta.

Yarjejeniyar Newby ta haɗa munin hanyoyi biyu. Kuɗin marubutan ne ke cikin haɗari, kamar a hanya ta uku, amma littafin lissafi yana hannunsa shi kaɗai, kamar a hanya ta biyu. Shi zai faɗi kwafi nawa aka buga, shi zai faɗi nawa aka sayar, shi zai faɗi ko kuɗin bugu sun fito. Wanda ya san yadda marubutan Kano suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗin aljihunsu tun daga shekarun 1980 zai ga bambancin nan take: marubucin Kano da ya biya, aƙalla yakan kwashi littattafansa a ɗaure ya ƙirga su da hannunsa kafin ya kai wa dillalai. Emily da Anne sun biya, ba su riƙe komai ba sai alkawari. Kuma su mata ne masu ɓuya a bayan sunayen da ake zaton na maza ne, suna can ƙauye, duk mu'amalarsu ta gidan waya ce. Ba su da halin shiga ofishin titin Mortimer su ce a buɗe musu littafin lissafi, domin shigarsu ita ce tonuwar asirinsu.

Akwai kuma dalilin da ya sa Newby ya ɗauki littattafai biyu ya bar na uku. Ƙagaggen labari mai daraja a lokacin a juzu'i uku ake buga shi, farashinsa sule 31 da sisi, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin masu karatu. Manyan masu saye su ne ɗakunan hayar littattafai, irin na Charles Mudie wanda ya fara a 1842, inda mutum zai biya fam 1 da sule 1 a shekara ya riƙa ɗaukar juzu'i ɗaya-ɗaya. Mai shagon haya ya fi son littafi mai kashi uku, domin mutum uku za su iya riƙe shi a lokaci guda. Masu bin shagunan hayar littattafan soyayya a Kano da Kaduna, inda labari ɗaya ke zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan dabara. Wuthering Heights ya cika juzu'i biyu, Agnes Grey ya cika ɗaya. Lissafi ya tashi daidai. Haka aka ɗaure littattafai biyu da ba su yi kama da juna ta ko'ina ba a igiya guda, labarin ƙiyayya da ramuwar gayya mai zafi a kan tsaunukan Yorkshire da kuma labarin wata malamar gida mai sanyin murya, abin da ya sa masu sharhi suka riƙa ƙare ƙarfinsu a kan na farko, su ba na biyun layi biyu ko uku a ƙarshe.

A farkon watan Agusta shafukan gwaji sun fara fitowa daga maɗaba'a. Emily da Anne suka duba, suka yi gyare-gyare, suka mayar. Daga nan sai shiru.

A cikin wannan shirun ne abin da ya sauya komai ya faru a wani ofishin dabam. Charlotte ta aika The Professor ga kamfanin Smith da Elder, a lamba 65 titin Cornhill. Su ma sun ƙi shi. Amma mai tace musu rubuce-rubuce, William Smith Williams, bai maido shi da layi ɗaya na sallama ba. Ya rubuta wasiƙa mai shafi biyu yana bayanin abin da ya gani na ƙarfi da na rauni, ya ƙara da cewa idan marubucin yana da labari mai juzu'i uku za su duba shi da idon basira. Tana da shi kuwa, ta kusa kammalawa. Ranar 24 ga Agusta ta aika Jane Eyre. Shugaban kamfanin, George Smith, saurayi ɗan shekara 23, ya ɗauke shi gida, ya fara karanta shi ranar Lahadi, ya soke fitar da ya shirya yi, bai tashi ba sai da ya kai ƙarshe. Ya biya fam 100 a karon farko, daga baya jimillar abin da ta samu a kan littafin ta kai fam 500. A tsakiyar Oktoba Jane Eyre ya shiga kasuwa, makonni bakwai da 'yan kwanaki bayan barinsa Haworth.

A nan bambancin kamfanonin biyu ya fito fili, kuma ba sai an kai ga batun kirki ko rashinsa ba. Smith ya zuba kuɗinsa, don haka kowace rana da littafin ya kwana a maɗaba'a asararsa ce. Newby ya riga ya karɓi kuɗin wasu, don haka babu abin da ke kora shi. A watan Nuwamba Charlotte ta rubuta wa Williams tana kukan cewa littafin 'yan'uwanta ya shiga maɗaba'a tun kafin nata ya bar hannunta, ga shi har yanzu Newby sai jan ƙafa da saɓa alkawari, tana tambayarsa ko haka mutumin yake yi wa kowa. Abin da ya tashe shi daga barci shi ne ƙarar cinikin Jane Eyre. Da ya ga sunan Bell ya zama kuɗi a Landan, sai ya tuna yana da Bell har biyu a aljihun teburinsa. A watan Disamba 1847 ya sake su.

Da kwafin marubuta suka iso Haworth, murna ta zo a gauraye. Kurakuran ɗab'i sun cika shafukan, kuma yawancin gyare-gyaren da suka ɓata lokaci suka yi a shafukan gwaji ba a shigar da su ba. Alamomin rubutu a hargitse, haruffa a juye, kalmomi a ɓace. Kwafin Agnes Grey na Anne yana nan har yau, da gyare-gyaren da ta bi ta yi a cikinsa da hannunta, aikin marubuciyar da ke gyara littafin da ya riga ya fita, wanda babu mai ganin gyaran sai ita.

Kurakuran ɗab'i ciwo ne da ke warkewa a bugu na biyu. Abin da Newby ya yi da sunayensu ya fi wannan illa. Ya riƙa tsara tallace-tallacensa a jaridu ta yadda mai karatu zai ɗauka cewa Bell ɗin nan mutum ɗaya ne, wato marubucin Jane Eyre ne ya sake fitar da wani sabo. Dabara ce irin ta ɗan kasuwar da ke kafa rumfarsa a gindin ta wanda ya yi suna, ya sa allo mai kama da nasa. Ta kuwa yi aiki. Masu sharhi da dama suka yanke cewa Wuthering Heights tsohon gwaji ne na Currer Bell tun hannunsa bai faɗa ba, wanda aka tono don a ci albarkacin sabon sunansa. A Amurka, inda babu yarjejeniyar haƙƙin mallaka da Birtaniya har zuwa 1891, kamfanin Harper ya buga Wuthering Heights a 1848 da bayani a shafin farko cewa na marubucin Jane Eyre ne. Littafi ɗaya tak Emily Brontë ta bari a duniya, kuma a shekarar da ta rage mata a raye, duniya tana karanta shi a matsayin ragowar aikin yayarta. A watan Afrilun 1848 sai da Charlotte ta maƙala sanarwa a bugu na uku na Jane Eyre cewa wannan littafin kaɗai ne nata.

Wani abin da ke ɗaure wa masu nazarin tarihin gidan kai shi ne, da Charlotte ta matsa wa ƙannenta su bar Newby su dawo wurin Smith, sun ƙi. A cikin akwatin rubutun Emily, bayan rasuwarta, an sami 'yan guntayen sharhin jaridu da ta yanka ta adana, tare da wata wasiƙa daga Newby mai kwanan wata 15 ga Fabrairun 1848, yana cewa zai yi farin cikin karɓar littafi na gaba, yana kuma ba da shawarar kada a yi gaggawar sakinsa sai ya nuna. Shawara ce mai kyau daga bakin da bai cancanci ba da ita ba. Anne kuwa ta miƙa masa littafinta na biyu, The Tenant of Wildfell Hall, a kan sharuɗɗan da suka fi na farko sauƙi, domin wannan karon shi ne mai biya.

Ba wauta ba ce zalla. Komawa wurin Smith yana nufin shiga inuwar Currer Bell, a zama ƙannen tauraron kamfani waɗanda aka karɓa don darajar yayarsu, alhali abin da ke damunsu ke nan tun farko. Emily mace ce da ba a juya ta, kuma Newby, duk da halinsa, shi ne mutum ɗaya a Landan da ya karanta Wuthering Heights bai maido shi ba. Sabon marubuci yakan ji nauyin wanda ya fara ce masa to, ko da daga baya ya gane cewa da kuɗinsa ya sayi amsar. Yawancin kukan da tarihi ya adana a kan Newby daga alƙalamin Charlotte ya fito, wadda ba ita ya cuta kai tsaye ba. Su biyun da abin ya shafa sun haɗiye nasu.

The Tenant of Wildfell Hall ya fito a ƙarshen Yunin 1848, ya kuma samu kasuwa, domin labarin matar da ta gudu da ɗanta daga gidan miji mashayi abu ne da ya girgiza masu karatu a ƙasar da doka ta ba miji iko a kan dukiyar matarsa da 'ya'yanta. A nan Newby ya wuce gona da iri. Tunda doka ba ta hana kamfanonin Amurka kwafar littattafan Ingila, abin da suke biya a kai shi ne riga-kafi: a aiko musu shafukan littafi kafin ya fito don su riga abokan gasa. George Smith ya riga ya yi wa Harper alkawarin shafukan littafin Currer Bell na gaba. Sai Newby ya sayar wa Harper ɗin shafukan littafin Anne, yana ba su tabbacin cewa a iya saninsa marubucin Jane Eyre ne ya rubuta shi, kuma duk Bell ɗin mutum guda ne. Harper suka tuntuɓi Smith suna neman bahasi. Smith ya rubuta wa Currer Bell yana tambaya, cikin ladabi, ko an yi masa wasa da hankali ne.

Wasiƙar ta isa Haworth ranar Juma'a 7 ga Yuli. Mutuncin Charlotte a wurin kamfanin da ya riƙe ta da gaskiya ne ke kan faifai, kuma babu rantsuwar da za a yi a takarda ta wanke shi, tunda takardar ma hannu ɗaya na iya rubuta ta da sunaye uku. A yammacin ranar Charlotte da Anne suka taka mil 4 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Keighley, hadari ya tarar da su a hanya, suka shiga jirgi zuwa Leeds, suka kama na dare zuwa Landan. Emily ta ƙi zuwa. Da safiyar Asabar suka sauka a wani tsohon masauki a unguwar masu littattafai ta Paternoster Row, wurin da mahaifinsu ya sani, suka nufi Cornhill a ƙafa. George Smith yana cikin aiki aka ce wasu mata biyu na son ganinsa, sun ƙi faɗin sunansu. Ya fito ya tarar da 'yan ƙananan mata biyu cikin tufafin ƙauye. Babbar ta miƙa masa wasiƙar da shi da kansa ya rubuta wa Currer Bell, an buɗe ta. Ya tambaye ta inda ta samo. A haka ne kamfanin ya san cewa marubucin da duk Landan ke cacar ko wane ne mace ce, kuma su uku ne.

Da daren ranar Smith ya kai su gidan wasan waƙa na Covent Garden, suka zauna cikin manyan gari da rigunansu na Haworth. Amma tafiyar ta ci wani abu da ba a iya mayarwa. Sirrin da suka riƙe shekara biyu ya fashe, kuma Charlotte, cikin ɗoki, ta ambaci cewa su uku ne 'yan'uwa mata, abin da ya ɓata wa Emily rai matuƙa, domin ba ta ba kowa izinin cire mata lulluɓin Ellis Bell ba. Da Anne ta dawo gida, ta rubuta gabatarwa ga bugu na biyu na littafinta, mai kwanan wata 22 ga Yuli, inda ta kare labarin daga masu cewa ya yi tsauri, ta kuma bayyana a fili cewa Acton Bell dabam, Currer dabam, Ellis dabam. Abin dariya, a maɗaba'ar mutumin da ya haddasa ruɗanin aka buga wannan bayani.

Lokacin gyara kuskure bai samu ba. Branwell ya rasu ranar 24 ga Satumbar 1848. Emily ta bi shi ranar 19 ga Disamba, tarin fuka ya ɗauke ta tana da shekara 30. Anne ta rasu a garin Scarborough na bakin teku ranar 28 ga Mayun 1849, tana da 29. Fam 50 ɗin nan bai dawo hannun ko ɗaya daga cikinsu ba. Da Charlotte ta waiwayi batun a 1850, ta shaida wa Smith cewa Newby ya yi alkawarin kwafi 350, daga baya ya ce 250 kawai ya buga. Idan haka ne ya saɓa yarjejeniya. Idan kuwa 350 ɗin ya buga, to ya ɓoye cinikin 100. Ta kowace fuska aka duba, lissafin nasa ne shi kaɗai.

Ba su kaɗai suka ratsa ta titin Mortimer ba. A wannan shekara ta 1847 Newby ya buga littafin farko na wani ma'aikacin gidan waya mai suna Anthony Trollope, The Macdermots of Ballycloran, a kan tsarin raba-daidai. Trollope, wanda daga baya ya zama ɗaya daga manyan marubutan zamaninsa, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa bai taɓa ganin ko kwabo ba, bai ma taɓa ganin takardar lissafi ba. Littafinsa na biyu wani kamfanin ya kai wa. A 1859 kuma, da Adam Bede na George Eliot ya yi tashe, Newby ya tallata wani littafi mai suna Adam Bede, Junior a matsayin ci gaban labarin, ba da sanin marubuciyar ba. Dabarar dai ita ce ta 1847: a jira wani ya haƙa rijiya, a zo da guga. Ya ci gaba da sana'arsa shekaru masu yawa bayan haka, ya rasu a 1882. Shekara biyu bayan rasuwarsa Walter Besant da abokansa suka kafa ƙungiyar marubutan Birtaniya, kuma babban yaƙinta na farko shi ne a tilasta wa kamfanoni buɗe littafin lissafi ga marubucin da aka yi raba-daidai da shi.

Duk da haka akwai abin da ba za a ƙwace wa Newby ba. Wuthering Heights ya zagaya Landan shekara guda, kamfanoni masu mutunci suka maido shi. Babu tabbacin cewa Smith da Williams, waɗanda ɗabi'arsu ta fi karkata ga labari mai tsabta, za su karɓi Heathcliff daga hannun marubucin da ba a sani ba. Emily ta rasu shekara guda bayan fitowar littafin. Da an ƙara wata shekarar ana yawo da shi a takardar naɗi, mai yiwuwa da a akwati zai ƙare. Mutumin da bai damu da abin da ke cikin littafi ba, muddin an biya, shi ne kuma mutumin da bai nemi a sassauta ko kalma ɗaya ba.

Wannan ya haifar da wani juyi da masana matani suka daɗe suna fama da shi. A Disambar 1850 Smith da Elder suka sake buga Wuthering Heights da Agnes Grey, Charlotte ce ta shirya bugun, ta rubuta gabatarwar da a karon farko ta bayyana wa jama'a ko su wane ne Ellis da Acton. Ta gyara kurakuran Newby, amma ba ta tsaya nan ba. Ta haɗe gajerun sakin layin Emily suka zama dogaye, ta sauya alamomin rubutu, ta kuma sassauta karin harshen Yorkshire da tsohon bara Joseph ke magana da shi don mutanen kudu su fahimta. Da kyakkyawar niyya ta yi, sai dai hannunta ne a kan aikin ƙanwarta. Rubutun hannun Emily na littafin bai tsira ba. Saboda haka, da masana na ƙarni na 20 suka tashi neman abin da Emily ta rubuta da kanta, babu inda za su koma sai bugun Newby na 1847 da kurakuransa, su bi shi layi-layi suna rarrabe kuskuren mai jera haruffa da zaɓin marubuciya. A kansa aka gina bugun Clarendon na jami'ar Oxford a 1976.

Littafin Anne na biyu ya fi shan wahala. Charlotte ba ta son sa, tana ganin batun da ya ɗauko bai dace da halin ƙanwarta ba, don haka da Smith ya kawo shawarar sake buga shi ba ta goyi baya ba. Bai samu shiga inuwar kamfanin kirki a 1850 tare da sauran ba. A 1854 wani mai suna Thomas Hodgson ya fitar da shi a bugu mai araha na juzu'i ɗaya, kuma don ya shiga adadin shafukan da ake so aka datse shi: aka cire wasiƙar da ta buɗe labarin, aka zubar da kalmomi da jimloli da sakin layi a wurare da dama, har da kusan babi guda. Wannan gurgun matani shi kamfanonin Ingila suka yi ta kwafa daga juna fiye da shekara 100, masu karatu suna hukunta Anne Brontë a kan littafin da ba haka ta rubuta shi ba. Sai a shekarun 1970 masu bincike suka nuna girman ɓarnar, kuma cikakken bugun da aka tace bisa na asali ya fito daga Clarendon a 1992, shekara 143 bayan an binne ta a Scarborough. Har yau ana samun gurgun matanin a wasu bugu masu araha da kuma a intanet, kuma hanyar gane shi ita ce a duba ko wasiƙar farkon tana nan.